Akwatin maganar Yaya Bawa da na raba biyu

A wannan watan Yaya Bawa ya cika shekara goma sha biyar da rasuwa. Na daɗe ina son in yi wannan rubutu, na daɗe kuma ina fasawa. Sau huɗu ina sayen takarda, in ɗora ta a kan teburin keken ɗinkina, in rubuta sunansa, daga nan in tsaya. Karatuna bai wuce aji bakwai na firamare ba, kuma na ga masu ilimi ne ke rubutu a wannan shafi. Amma ba wannan ne ya fi hana ni ba. Babu yadda zan ba da labarin aikin yayana ba tare da na faɗi abin da na yi wa aikin da hannuna ba. Bana dai ba ni da sauran lokacin jin kunya. Ruwan farko ya sauka, 'yata Hajara tana da ciki wata huɗu a ƙauyen da rafi ke yanke wa hanya, kuma akwai wani akwati da nake nema ido rufe kafin rafin ya cika. Zan yi bayani daki-daki, a yi haƙuri da ni.

Sunana Umaru, ni tela ne a Rikoto, cikin Zuru. Asalinmu daga wani ƙauye ne a bayan duwatsu, mu dai Kan Dutse muke ce masa. Daga can zuwa gari tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a ƙafa idan rani ne. Da damina sai yadda hali ya yi, domin akwai rafi a gindin dutsen wanda in aka yi ruwa mai ƙarfi yakan kai wa babban mutum wuya. Mota ba ta wuce bakin rafin nan ko da rani.

Yaya Bawa ya shiga soja yana saurayi, kamar yawancin samarin ƙasarmu. Bai samu wani babban muƙami ba. Aikinsa ɗaukar batir a ka da jan waya cikin daji, ya bi bayan masu aika saƙo. Su suke magana, shi yake ɗauka. To amma shi mutum ne mai kallo. Duk lokacin da aka buɗe na'ura za a gyara, yana tsugune a gefe. Da ya bar aiki ya dawo gida, sai ya kafa rumfa jikin shagona yana gyaran rediyo da tocila da keke.

Shekara biyu da dawowarsa mahaifiyarmu ta kwanta ciwo a Kan Dutse, cikin watan takwas. Kafin ɗan aike ya haye rafi, ya iso gari, mu nemo mota, mu koma bakin ruwa, a hau a ɗauko ta, yini ya ƙare, ita ma ta cika. Bayan mun dawo daga maƙabarta Yaya ya ce mini, "Umaru, mutum ɗaya ya yi tafiyar nan sau biyu a banza. Da maganar ce kawai ta zo, da mun haɗu da su a bakin rafi." Na ɗauka zafin rashi ne.

Shekara uku ya yi yana tara waya. Wurin masu gwangwan, wurin tsofaffin abokan aikinsa, duk inda ya ji an yar da guntu sai ya je. Yana kankare tsatsa, yana haɗa guntu da guntu, yana liƙewa da dalma. Ya tara kwalabe buhu-buhu, yana ɗaura musu zare mai kananzir a wuya, ya kunna, ya tsoma a ruwa, wuyan ya fita. Waɗannan wuyan kwalabe ya bi yana kafawa a jikin ɗorawa da kaɗanya tun daga Rikoto har Kan Dutse, don kada wayar ta taɓa itace. Mutane suka ce bariki ta taɓa shi. Ni kaina na taɓa zuwa wurin wani malami a ɓoye in karɓo masa rubutu.

Sai ya haɗa akwati biyu na katakon maɗaci, ya shafa musu koren fenti. Kowanne yana da hannu a gefe wanda ya yi da fedar keke, da ƙararrawar keke a sama, da lasifikar tsohuwar rediyo a gaba. In ka juya hannun nan, ƙararrawar ɗaya akwatin ta buga. Ni na ɗinka musu riguna na kaki saboda ƙura da raɓa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne waya ɗaya ce tal ya ja. Yakan ce magana ta waya take tafiya, ta ƙasa take dawowa. Don haka a kowane ɓangare ya kafa turken ƙarfe mai tsawo a ƙasa, ya kafa doka cewa kullum da safe a zuba wa gindinsa ruwa da ɗan gishiri. In turke ya bushe, murya ta shaƙe.

Akwati ɗaya ya ajiye a rumfarsa, ɗaya ya kai gidan Baba Yohanna, dattijon coci a Kan Dutse, domin gidansa ne a tsakiyar gari kuma shi ba mai yawan tafiya ba ne. Ranar da aka fara gwadawa da hantsi ne, rumfar ta cika har kan hanya. Yaya ya juya hannu, muka kasa kunne. Can sai ga muryar Baba Yohanna, ƙarama, kamar daga cikin tulu.

"Wane ne?"

"Bawa ne, Baba."

"Ƙarya kake. Bawa yana Rikoto."

"To ai daga Rikoton nake maka magana."

 Sai Baba Yohanna ya ce, "In da gaske kai ne, ka gaya wa ƙanenka tela wandona ya yi wata biyu a wurinsa."

Haka aka yi ta dariya, wasu har da hawaye. Maganar farko da ta bi wayar yayana ke nan, kuma a kaina ta ƙare.

Shekara goma sha ɗaya wayar nan tana aiki. In naƙuda ta yi wa mace gardama, ko maciji ya sari wani a gona, ko wani ya faɗo daga bisa itace, Baba Yohanna zai juya hannu. Yaya ya ajiye duk abin da ke hannunsa, ya hau keke ya je asibiti, ya nemo a-kori-kura. A daidai lokacin mazan Kan Dutse sun ɗora mara lafiya a kan ƙyauren ɗaki suna saukowa. Kafin su iso rafi, mota da ma'aikaciyar jinya suna jira a wannan gefen da igiya, masu iyo su haye da shi a kan manyan goruna. Ba ta tsaya a nan ba. Ta cikinta ake tambayar farashin dawa a kasuwa, a sanar da suna ko rasuwa, mata su ce a taho musu da gishiri da kalwa. Bai taɓa karɓar komai ba. Dokarsa ɗaya ce bayan ta ruwan turke, ba a yin faɗa ta cikin wayarsa. In miji da mata suka fara, sai ya zare batir ya ce su haɗu a bakin rafi su ƙarasa.

Ba wani babban mutum da ya taɓa zuwa ya duba aikin. Shi ma bai rubuta komai a littafi ba. Abin da na gani da idona kawai shi ne, wata rana ya gasa ƙusa a wuta yana zana wasu layuka a cikin murfin akwatin da ke rumfarsa. Na ce me kake yi, ya ce taswirar hanyar magana ce, saboda wata rana. Na koma kan ɗinkina.

Ciwonsa bai yi kwana goma ba. Ya rasu a farkon damina, ya bar 'ya'ya uku, Garba da Sani da ƙanwarsu Ladi. Mahaifiyarsu ta riga shi. Bayan sadakar arba'in dangi suka ce ni zan tsaya tare da liman a kan rabon gado, kuma na san dalilin da ya sa suka zaɓe ni. Duk Rikoto an san ni da mayar wa mutum ƙyallen yadinsa ko da bai kai tafin hannu ba. Tun ina yaro nake tsoron haƙƙin mutane, tsoron da ke hana ni cin abinci. Ga shi kuma an ɗora mini haƙƙin marayu.

Gida da gona da keke ba su ba da wahala ba. Da aka zo kan waya, Baba Yohanna da kansa ya sauko daga dutse da sandarsa. Liman ya yi bayani a fili. Ya ce abin da mamaci ya samu da guminsa gado ne, sai in ya faɗa a gaban shaidu cewa ya bayar sadaka ga jama'a. Amma in magada suka yarda a bar ta yadda take, shi ke nan, lada ce gare su da mahaifinsu. Na yi mako guda ina tuna maganganun Yaya. Wani lokaci yakan ce wayarmu, wani lokaci ya ce wayata. Ban tuna ranar da ya tara mutane ya ce ya bayar ba.

Sai na zaunar da yaran a zaure, a gaban liman da Baba Yohanna da sauran dangi. Na ce, "Kun ji abin da Malam ya ce. Kun yafe a bar ta?" Garba ya sunkuyar da kai. Sani yana wasa da bakin tabarma. Ladi ta ja mayafi ta rufe fuska. Na sake tambaya, na kuma sakewa. Ba wanda ya ce uffan.

Ni ɗan ƙasar nan ne, na san yaro ba ya buɗe baki a gaban ƙanen ubansa a kan kayan mamaci. Na san shirun nan yana nufin duk abin da ka yanke daidai ne. Amma zuciyata ta ce mini, in fa a cikinsu akwai mai so, kunya ce ta hana shi? In fa Ladi tana buƙatar rabonta? Ba wanda ya ce na yafe da bakinsa, da me zan kare kaina?

Baba Yohanna ya ce, "Tela, wanga abu ba yadi ba ne da za ka sa mai almakashi. In ka raba shi, kowa ya tashi da wofi."

Na ce, "Baba, gobe kiyama ba kai za a tambaya ba, ni za a tambaya."

 Ya ce, "To, Allah shi ba ka amsa mai kyau." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kwana uku muka yi muna sauke wayar. Mazan Kan Dutse ba wanda ya sa mana hannu, suna gonakinsu suna kallo. Na auna igiya yadi goma da tef ɗina na ɗinki, da ita na bi wayar yayana gaba ɗaya, na yanka ta kashi biyar da filaya, biyu na Garba, biyu na Sani, ɗaya na Ladi. Akwatunan kuwa na ga kamarsu ɗaya, fentinsu ɗaya, sai na ce kowane namiji ya ɗauki guda, Ladi a ba ta rediyon gida a madadi. Da na ɗaga su na ji na rumfa ya fi nauyi sosai. Hankalina ya tashi, kada in zalunci wani. Maimakon in buɗe in ga me ya kawo nauyin, sai na ƙara wa mai sauƙin filaya da ƙarfen dalma da sauran kayan aiki har na ji sun yi daidai a hannuna. Garba ya ɗauki mai nauyin, Sani ya ɗauki ɗayan. Turakan ƙarfen nan biyu ne kawai suka gagare ni, mun yi ta jijjiga sun ƙi fita, aka bar su a ƙasa.

Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ranar da na gama na ji ƙirjina ya yi sakayau. Na ce na fita haƙƙin marayu.

Kan Dutse ta koma aiken ɗan saƙo da ƙafa. A shekarun da suka biyo baya nakan ji an ce wance ta rasu a hanya, wane bai kai asibiti ba, in ce ajali ne, in ci gaba da taka keke. Ban taɓa ƙirgawa ba, kuma da gangan na ƙi ƙirgawa. Da wayar hannu ta shigo Zuru, aka kafa dogayen ƙarafan sabis, na fi kowa murna, don na ɗauka an sauke mini kaya.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san ba zai yi ƙyashi ba. Da ranar farko zai sayi guda ya kwance ta gaba ɗaya ya ga cikinta, ko da ba za ta sake haɗuwa ba. Da zai yi dariyar 'yan acaɓa masu tuƙi da waya a kunne, da masu yi wa mutum filashin don shi ya kira. Amma na san tambayar da zai fara yi, zai ce Kan Dutse fa? A can babban dutsen ya tare komai. Wuri ɗaya ne tak ake samun sabis, a kan wani falalen dutse mai santsi a bayan gari, shi ma sai sama ta yi garau, mutum ya ɗaga hannu yana juyawa kamar mai kiran shaho. Ba lantarki, sai a aiko da wayoyin gari a yi caji ranar kasuwa. Mutumin da ya haɗa maganar ƙauyen nan da wuyan kwalba da fedar keke, da ya tarar yau ta fi zamaninsa wuyar fita.

Ladi a Kan Dutse ta yi aure. Bara cikin watan takwas naƙuda ta kama ta da safe, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ungozoma ta duba ta ce ɗan ya zo a gicciye, a nemi mota. Mijinta ya hau falalen dutsen nan sau biyu cikin ruwa, bai samu komai ba, a na biyun ya zame ya fasa gwiwa. Sai ƙanensa ya yi iyo ya haye rafi, ya taho gari da gudu. Su kuma suka ɗora ta a ƙyaure suka sauko. Tun kafin azahar suna bakin rafi suna jira. Mun iso da mota bayan la'asar. Ina tsaye a wannan gefen na hango mata sun rufe ta da zane. Ta cika, ita da abin da ke cikinta duka.

Da na hau zaman makoki, na shiga tsakar gidanta, sai na ga shanya. Kayan yaranta ne a kan waya, daga rumbu zuwa bishiyar mangwaro. Na matsa kusa. Ga ƙullin dalma irin na Yaya, ɗaya bayan ɗaya. Kashi ɗaya cikin biyar ɗin da na auna mata ke nan. Na riƙe wayar nan ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

Ranar sadakar uku na ja Sani gefe. Yanzu shi ma magidanci ne mai furfura a gemu. Na ce, "Sani, don girman Allah ka gaya mini. Ranar nan da na tambaye ku, me ke ranku?"

Ya ce, "Baba, a bar maganar nan."

Na ce ba zan bari ba.

Ya ce, "Mu duka so muke a bar ta. Mun yi shawara tun kafin a zauna. Jira muke ka ce a bari, kai ne babba. Ladi kwana ta yi tana kuka da aka kawo mata nata."

"To me ya hana ku faɗa?"

"A gabanka, Baba? Kwana arba'in da binne mahaifinmu, mu buɗe baki mu ce ga yadda za a yi da kayansa?"

Na je wurin malamai fiye da ɗaya. Duk sun ce mini ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma wanda ya raba gado bisa ƙa'ida bai yi laifi ba. Na yarda, ban musa ba. Amma da a ce na aika matata ta tambayi Ladi a ɗaki, ko na ja Garba bayan gida mu biyu, da na ji gaskiya cikin minti ɗaya. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai bayan shekara goma sha huɗu.

Yanzu ga Hajara. Ita ma a Kan Dutse take aure, gida uku ne tsakanin gidanta da na marigayiya Ladi. Ciki biyu ta yi ɓari, na bayan a wata bakwai, kuma likita ya ce da ta ga jini kada a jira komai. Wancan mako na hau na same ta tana gyaran iri. Na ce ta tattara ta sauko gida tun yanzu.

Ta ce, "Baba, in bar wa wa gonar da yaran? In na shiga wata takwas zan sauko, na yi maka alkawari."

Na ce, "Na bayan a wata bakwai ya zo."

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai Baba, ko atishawa na yi sai ka ce a nemo mota. Zauna in dama maka fura."

Na lissafa da yatsuna a kan hanyar dawowa, na sake lissafawa. Watanta na bakwai zai faɗo daidai lokacin da rafi ke cika. Zan ci gaba da roƙonta, mijinta ma yana taya ni. To ko ta sauko, akwai wasu mata huɗu masu ciki a garin da na gani da idona, su ba su da uba a Rikoto.

Tun bayan rasuwar Ladi nake ƙoƙarin mayar da abin da na raba. Sani ya kawo mini akwatinsa da ragowar wayarsa. Mijin Ladi ya kwance shanyar da kansa ya naɗe ya miƙo mini. Mazan Kan Dutse, na masallaci da na coci, sun shiga tara waya, yanzu abin da muke da shi ya kusa isa. Na ɗauki akwatin na kai wa Malam Bitrus, wani malamin lantarki a makarantar koyon sana'a. Ya kwance murfin ina tsaye. Cikinsa kusan wayam, daga lasifika sai dainamon keke sai 'yan wayoyi. Ya ce, "Baba tela, wannan ai baki ne da kunne kawai. Aikin duk yana cikin ɗayan." Sai Sani ya tuna mahaifinsu yakan kira na rumfa uwa, na dutse 'ya. Shekara goma sha ɗaya ina zaune kamu biyu da akwatin nan ban taɓa tambaya ba. Nauyin da na ji a hannuna na cike da filaya, shi ne duk ilimin yayana.

Malam Bitrus bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya haɗa nasa, ya yi magana lafiya daga wannan gefen filin makaranta zuwa wancan. Da muka gwada da doguwar waya har bakin rafi, sai ƙugi kawai. Ya ce lallai marigayi ya naɗa wani abu da hannunsa wanda ke tace murya, kuma zai iya gano shi in ya samu lokaci, amma ba zai yi mini alkawarin wata uku ba. Da na gaya masa zancen zanen cikin murfi, sai ya miƙe tsaye. Ya ce ko murfin kaɗai ya gani, mako biyu sun ishe shi. Wasu sun ce mu nemi oba-oba irin ta jami'an tsaro, na tambaya aka ce sai da izini, kuma dutsen nan ita ma zai iya tare ta. Mun rubuta takardar roƙon a kafa mana ƙarfen sabis, muna jiran amsa.

Uwar kuwa ga iyakar abin da na sani. Garba ya tafi da ita Dirin Daji inda yake sayen hatsi. Ba ta da amfani ita kaɗai, sai ya ajiye ta wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwa, mai ɗingishi da ƙafar hagu, ana ce masa Ɗan Yawuri. Garba ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Na je Dirin Daji sau uku, Sakaba sau biyu. Rumfar yanzu ta mai cajin waya ce. Wani ya ce mutumin ya koma Kontagora, wani ya ce Rijau. Wata mai tuwo ta ce ta tuna koren akwati mai ƙararrawa, kuma tana jin wani malamin makaranta ne ya karɓa don ya nuna wa ɗalibai, amma ba ta san daga wane gari yake ba.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Yaya Bawa, sai in ga ba shi da yawa, kuma yana da yawa. Ba titi da sunansa, ba hotonsa ko ɗaya da akwatin. Amma wuyan kwalaben nan suna nan a jikin itatuwa, itacen ya girma ya rungume wasu, in rana ta haska za ka bi su da ido har kan dutse. Akwai wani ɗan acaɓa a tashar Rikoto da kowa ke kira Ɗan Waya, yawancin masu kiransa ba su san dalili ba, ni na san a bakin rafi aka haife shi a hannun ma'aikaciyar da Yaya ya ɗauko. Irinsa suna da dama, wasu da 'ya'yansu. Sai kuma turakan nan biyu da suka fi ƙarfina. Baba Yohanna ya tsufa ƙwarai, ba ya gani sosai. Da na je in roƙe shi gafara, bai bar ni na gama ba. Ya kama hannuna ya kai ni bayan ɗakinsa, ya sa na taɓa ƙasa. A jiƙe take. Ya ce, "Nawa bai taɓa kwana da ƙishi ba, Tela. Naka fa?" Tun daga ranar, kafin in buɗe shago sai na zuba wa na rumfar Yaya buta guda da gishiri.

Don haka ina roƙon duk mai karanta wannan, musamman mutanen Dirin Daji da Sakaba da Rijau da Kontagora da Yawuri, masu gyaran rediyo da malaman makaranta da masu sayen gwangwan. Akwati ne na maɗaci, tsawonsa kamu ɗaya, koren fenti, hannun fedar keke a dama, ƙararrawar keke a sama. Wataƙila yana cikin rigar kaki mai aljihu a gaba, ɗinkina ne, zan gane shi ko ya zama tsumma. A cikin murfin akwai zane da aka yi da ƙusa mai zafi. Ku duba ɗakin ajiyar makaranta, ku duba ƙarƙashin teburin shago. Ko an cire kayan cikinsa, ko ana zuba ƙusoshi a ciki, ko murfin kaɗai ya rage ana rufe tukunya da shi, ina so. Wanda yake hannunsa ba zan tambaye shi yadda ya same shi ba, in ma ba ya son rabuwa da shi, ya bar mu mu kwafi zanen a takarda mu mayar masa. Wanda ya san inda Ɗan Yawuri yake, ko inda iyalinsa suke, ya taimaka ya faɗa. A aiko ta hannun mai kula da wannan shafi, ko a ba kowane direban Zuru saƙo a ce a kai wa Umaru tela a Rikoto.

In kuma kana da labari amma kana jin nauyin faɗa, don Allah kada ka yi shiru kana jira in gane da kaina. An taɓa yi mini haka sau ɗaya, ban gane ba. Jiya na je bakin rafi, ruwan ya kai idon sawu.